Gidan Gajiyayyun da Ba Mu Gina Ba

Akwai maganar da ba a rasa ji duk inda malaman makaranta da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu suka taru, ko a Tawa ko a Yamai. Da zarar an taɓo zancen tsofaffi, sai wani ya gyara zama ya ce: mu dai mun gode Allah, ba mu san gidan gajiyayyu ba, Bature ne ke ɗaukar uwar da ta haife shi ya kai wani gida, ya biya kuɗi a riƙe masa ita har ta mutu. Sai a yi tafi, a shiga wani batu. Ni kaina na sha faɗar wannan magana a gaban ɗalibai, kuma na sha jin zaƙinta a bakina. Yau na zo ne in janye ta a bainar jama'a, domin na gane ta zama mayafin da muke lulluɓe wani ciwo da shi, kuma masu ciwon su ne ba su da bakin faɗa.

Abin da nake so in tabbatar a wannan rubutu ɗaya ne. Ƙauyukan Adar da yawa, wata bakwai ko takwas a kowace shekara, gidajen gajiyayyu ne, sai dai babu allo a ƙofarsu, babu ma'aikaci mai albashi a cikinsu, kuma babu mai zuwa dubawa. Waɗanda muke yi wa dariya sun shekara da shekaru suna koyon yadda ake auna riƙon da ake yi wa tsofaffinsu, suna gwada wannan gida da wancan. Mu kuwa yabon kai muka mayar ma'auni.

Abin da na gani a ƙasar Bambeye

A watan Afrilu na 2024, cikin azumi, na je wani ƙauye na ƙasar Bambeye gaida gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura shekara 80. Ƴaƴanta maza uku ne: babban yana Abijan, na biye yana Libiya, autan yana Legas. Babu wanda ya yi watsi da ita a cikinsu. Suna aiko da kuɗi, suna kira a waya, kuma babban ya gina mata ɗaki mai rufin kwano da kuɗin bida, ɗakin da duk ƙauyen ke kwatance da shi. A cikin wannan ɗaki na same ta da azahar, kwanon yana huci kamar tanderu. Ta faɗi ne tun cikin sanyi a hanyar kewaye, ƙugunta ya gurɗe, kuma tun daga ranar ba ta sake miƙewa ba.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ya jiki?" Ta ce, "Lahiya lau, ɗana. Ba ni da abin cewa sai godiya." Leɓunanta sun bushe sun tsage. Na ɗauka azumi ne ta nace a kansa, sai matar babban ɗanta ta janye ni waje ta gaya mini cewa an daɗe da hana ta azumi, amma ita ce ke ƙin shan ruwa da gangan, don kada fitsari ya matse ta a sha wahalar ɗaga ta. Wannan baiwar Allah ita kaɗai ce babba mai lafiya a gidan. Tana da yara biyar, ita ce zuwa rijiya, ita ce daka, ita ce itace, ita ce dabbobi. Da na matsa mata da tambaya sai ta koma ciki ta ɗage zanen tsohuwar, na ga gyambo a gadon bayanta mai faɗin tafin hannu, irin wanda ke fitowa idan mutum ya daɗe kwance a gefe guda ba a juya shi. Ta ce, "Yaya, don Allah kar ka hwaɗa masu a waya. Cewa za su yi ban iya riƙon uwarsu ba."

Mun nemo ma'aikacin lafiya ya wanke gyambon, ya nuna yadda ake juya majinyaci, amma an makara. Gwaggo ta rasu kafin ruwan farko. A zaman makoki kowa ya shaida cewa ta samu kyakkyawan riƙo, ta cika a ɗakinta, a hannun nata. Kuɗin da aka aiko na sadakar uku da ta bakwai sun fi abin da aka kashe a kan jinyarta tun daga ranar da ta faɗi. Ban ga laifin surukarta ba, ban kuma ga na ƴaƴanta ba. Abin da ya hana ni barci shi ne, wata huɗu tana kwance, kuma babu wani mahaluki a ƙauyen, ko a kwamin, ko a jaha, da aikinsa ya ɗora masa ya shiga ɗakin ya tambaya.

Yadda ƙauye ya zama haka

Duk ɗan Adar ya san bida. Da an gama girbi an ɗaure damma, samari da magidanta sai su kama hanya, wasu Kwaddibuwa, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, ba a sake ganinsu sai damina ta kawo kai, wasu kuma sai bayan shekaru. Ƙasa ce mai duwatsu da fako, hatsin gida ba ya kai shekara, don haka ba son yawo ke fitar da mutane ba. Yunwar 1973 da ta 1984, wadda aka laƙaba wa El-Buhari, su suka ƙara buɗe hanyar. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da tallafin Italiya, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, saboda mazan ba su nan. Bayan matsalar cimaka ta 2005, masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun bi wasu yankuna, har da Bambeye, suna tambayar yadda mutane suka tsira, kuma abin da ya fito fili shi ne aiken ƴan bida na daga cikin manyan ginshiƙan da suka riƙe gidaje.

To, a nan ne lissafinmu ya karkace. Al'adar da muke alfahari da ita an gina ta ne a kan babban gida: ƴaƴa da matansu da jikoki duk a wuri guda, wannan ya ɗaga tsoho, wancan ya kawo ruwa, wata ta dama fura, aikin ya rabu har ba a jin nauyinsa. Bida ta kawo kuɗi, amma ta kwashe hannuwa. Kuɗi kuwa ba ya juya majinyaci da tsakar dare. Aikin da mutum goma ke yi a da, yanzu ya tattaru a kan mace ɗaya, wadda ba a taɓa koya mata jinya ba, kuma idan abu ya ɓaci ita za a zarga. Haka nan duk lokacin da ƙasar da ake bida ta rikice, kamar Kwaddibuwa a 2002, ko Libiya a 2011, ko rufe iyakar Najeriya bayan Yuli na 2023, aike yakan yanke, kuma wanda ya fara rage cin tuwo a gida shi ne tsoho, don ya bar wa jikoki.

Kada a ce su ƙalilan ne. Ƙidayar 2012 ta ba jahar Tawa mutum 3,328,365. Masu shekara 60 zuwa sama a Nijar wajen 4 ne cikin 100. Ko da wannan tsohon lissafi aka yi aiki, tsofaffin jahar sun haura 100,000. Fanshon CNSS da na ma'aikatan gwamnati na masu albashi ne, bai san manomi ko makiyayi ko mai sayar da ƙosai ba. Nawa ne cikin waɗannan dubbai ke kwance? Nawa ne yanar ido ta rufe wa gani alhali aikinta ba ya cin awa guda? Ban taɓa zama taron da aka kawo amsar ba, domin ban taɓa zama taron da aka yi tambayar ba.

Abin da wasu suka koyi ƙirgawa

Ba na kiran a gina gidajen gajiyayyu a Adar. Ko a ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne ɗungurungum, don Kano na da nata a Shahuci tun da daɗewa, amma wanda ke da kowa ba ya so ya ƙare a can, kuma yana da gaskiya. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ƙasashen da suka tara tsofaffi a irin waɗannan gidaje suka koya bayan sun sha kunya.

A Amurka, bayan rahotannin wulaƙanci sun yi yawa, an yi doka a 1987 da ta tilasta wa gidajen jinyar tsofaffi su riƙa duba kowane mazauni da jerin tambayoyi iri ɗaya a duk faɗin ƙasar. A Disamba na 2008 aka fara ba gidajen tauraro, daga ɗaya zuwa biyar, don iyalai su iya gwada su. A Ostireliya an kafa babban kwamitin bincike a 2018, wanda ya sa wa rahotonsa na farko suna da kalma guda mai ma'anar sakaci. Daga 1 ga Yuli 2019 aka wajabta wa gidajen da ke karɓar kuɗin gwamnati su riƙa kawo lissafi duk wata uku a kan abubuwa uku: mutum nawa suka yi gyambon kwanciya, mutum nawa suka rame ba da niyya ba, mutum nawa aka ɗaure ko aka tsare. A 2021 aka ƙara faɗuwa da yawan magunguna. Kowane gida yana ganin lissafinsa kusa da na sauran, ya san ko yana gaba ko yana baya, kuma gidajen da ke cikin ƙawance ɗaya sukan zauna su tambayi wanda ya fi su yadda ya yi.

Mai karatu ya sake duba wannan jeri. Gyambo, rama, faɗuwa, tsarewa. Wanne ne a ciki ciwon Turawa? Uku daga cikinsu na gani da idona a ɗaki guda a ƙasar Bambeye. Na huɗun ma ba mu rasa shi ba: wa bai san gidan da aka kulle tsohuwa a ɗaki ba saboda gigin tsufa ya kama ta, tana fita tana ɓata, ko tana sambatun da ke sa maƙwabta su fara raɗe-raɗin maita? An zaɓi waɗannan alamu ne domin jikin tsoho yana faɗin abin da bakinsa ke ɓoyewa. Gyambon kwanciya shaida ne cewa ba a juya mutum yadda ya kamata, wato aƙalla duk bayan awa biyu ko uku. Rama shaida ce cewa abinci ba ya isa, ko yana isa amma babu haƙoran tauna shi.

Darasin Faransa ya ma fi kusa da mu. A zafin watan Agusta na 2003 mutum wajen 15,000 suka mutu a can, galibinsu tsofaffi, da yawa kuma a cikin ɗakunansu, su kaɗai. A 2004 aka yi doka da ta ɗora wa kowace kwamin ta buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassun da ke zaune a gida, ga wanda ya yarda a rubuta shi, domin idan zafi ya tsananta a bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu da muke zaune a ɗaya daga cikin yankuna mafi zafi a duniya fa? A farkon Afrilun 2024, makon da na je wurin gwaggo, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya karɓi gawa 102 cikin kwana huɗu, fiye da rabinsu masu shekara sama da 60. An san wannan adadi ne don asibiti ne, akwai mai rubutawa. Waɗanda suka cika a ɗakunan kwano na ƙauyukanmu a wannan mako, an ce kwana ne ya ƙare.

Lissafi ma yana ƙarya

Na san abin da wani zai ce, kuma gara in riga shi faɗa. Duk wannan awo bai hana ɓarna ba. A Maris na 2021 jaridar New York Times ta binciki taurarin Amurka, ta gano cewa yawancin bayanan da ake dogaro da su gidajen ne da kansu ke kawowa, kuma da yawa suna ƙara yawan ma'aikata a takarda, suna rage yawan gyambo da faɗuwa. A Janairu na 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da littafinsa Les Fossoyeurs a Faransa, inda ya tona yadda wani babban kamfanin gidajen tsofaffi ke tsuke abinci da ƙunzugun manya don riba, alhali takardunsa na nuna komai daidai. A shekarar ce hukumar lafiya ta Faransa ta fito da sabon kundin duba irin waɗannan gidaje mai sharuɗɗa 157.

Wannan gaskiya ne, kuma darasi ne da ya kamata mu riƙe da hannu biyu: idan mai riƙo shi ne mai awo, kuma akwai kuɗi ko suna a cikin sakamakon, to mudu zai lotsa. Mu malamai mun fi kowa sanin haka, don mun ga yadda ake gyara rajistar aji ranar da mai duba makarantu zai zo. Amma a lura da abu guda. An kama ƙaryar ne saboda akwai abin da aka rubuta wanda za a iya gwadawa da abin da ido ya gani. Don an samu mai algus a kasuwar Tawa, ba a taɓa cewa a jefar da tiya a koma sayar da hatsi da ka ba. Laifi tudu ne: mun hango na Faransa da na Amurka saboda su sun buga nasu a jarida, namu kuwa muna tsaye a kansa.

Kuma ba na so a kwaso mana sharuɗɗa 157 a zuba a jakar ma'aikacin lafiya guda da ke riƙe da ƙauyuka goma. Mun sha ganin irin wannan: a yi taron bita a otel, a raba takardu da kuɗin zama, aikin ya mutu ranar da kuɗin mai tallafi suka ƙare.

Mun iya awo in mun ga dama

Masu cewa awo ba ɗabi'armu ba ce, su je gona. Manomi ya san damin da ya samu bana da na bara, ya san na maƙwabcinsa, kuma idan na maƙwabci ya fi nasa zai je ya tambayi irin da ya shuka. Makiyayi ba ya kwana sai ya san adadin abin da ya shigo garke. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jahar Maraɗi a 1991 suka bazu ko'ina, suna zama kowane mako suna riƙe lissafin asusu har dala ba ta ɓata, kuma da yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Duk abin da muka ɗauka dukiya ne, muna ƙirga shi.

Ga kuma misalin yara. Bayan 2005 an wayi gari ana auna ƙananan yara a ko'ina a Nijar, ana binciken tamowa kusan kowace shekara, ana gwada jaha da jaha. A farkon shekarun 2010, a Mirya ta jahar Damagaram, ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka gwada ba uwaye da kansu ɗan zaren awon damtse mai launin ja da rawaya da kore, aka ga suna gano yaron da ya fara ramewa ba tare da jiran ma'aikaci ba, har dabarar ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama. Tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, duk da jinkirin da aka sha wajen biyan asibitoci. Babu wanda ya ce auna damtsen yaro tona asirin uwarsa ne. Me ya sa damtsen kakarsa ya zama abin kunya?

A takarda ma ba a bar tsofaffi a baya ba. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a Yuli na 2023, ya ɗora wa gwamnati kula da su a sashe na 25. An yi dokar kariyar al'umma a 2018. Senegal ta fara shirin Sésame a 2006 don jinyar masu shekara 60 kyauta, ko da yake ita ma ta sha fama da bashin asibitoci. Ranar 31 ga Janairu 2016, a Adis Ababa, Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar haƙƙin tsofaffi, wadda ta fara aiki a 2024. Sashenta na 11 ya nemi gidajen tsofaffi su zama na zaɓi kuma su cika mafi ƙarancin sharuɗɗan ƙasa, na 10 kuwa ya nemi a tallafa wa ƴan'uwan da ke jinyar tsoho a gida, a kuma ƙarfafa hanyoyin gargajiya na riƙo. Wato ita kanta yarjejeniyar ta san cewa tsohon Afirka a gida yake. Sai dai ta yaya za a tallafa wa mai jinyar da ba a san da ita ba?

Abin da za mu iya da kanmu

Ga shawarata ga ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyinmu, kuma ba ta bukatar mota ko kuɗin waje. A kowane ƙauyen da ya yarda, a zauna da maigari da liman da shugabar mata da ma'aikacin lafiya na ƙauye, a rubuta tsofaffin da suka amince a riƙa leƙa su, musamman waɗanda ba su iya fita. Sau uku a shekara, cikin tsananin bazara, da tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da kuma bayan tafiyar ƴan bida, mutum biyu su shiga, mace wurin mace, namiji wurin namiji, kuma kada su kasance ƴan gidan. Tambayoyi biyar sun isa. Akwai gyambo a jiki? Damtse ya ragu daga awon baya? An faɗi tun zuwan da ya wuce? Akwai ruwan sha inda hannu zai kai, kuma ana sha? Mutum nawa ne ke ɗaukar jinyar, kuma wa ke karɓar su idan sun gaji? Bayan haka a zauna a saurari tsohon shi kaɗai, don shi ne mai ɗaki, shi ya san inda ke masa yoyo.

Suna ba ya fita daga ƙauye. Abin da zai fita adadi ne kawai: tsofaffi kaza, masu gyambo kaza, waɗanda suka faɗi kaza. Malamin makaranta ya riƙe littafin, tunda shi ne mai alƙalami, ya kai kwafi asibitin CSI mafi kusa. Sau ɗaya a shekara ƙauyuka goma ko goma sha biyu na kwamin guda su haɗu su ajiye lissafinsu a tabarma ɗaya. Ba za a ba kowa tauraro ko kyauta ba, don mun ga abin da tauraro ya jawo a Amurka. Amfanin zaman shi ne tambaya: ku da ba ku da mai gyambo ko ɗaya, me kuke yi? Wataƙila amsar ita ce matan unguwa suna karɓa-karɓa, ko samarin fada sun yi gayya sun kafa rumfar zana a ƙofar ɗakunan kwano, ko an kafa igiya daga ɗaki zuwa kewaye don makaho ya riƙa bi. Irin wannan ilimi yana nan a ƙauyukanmu, sai dai ba ya ƙetare rafi zuwa ƙauye na gaba.

Kuma a aika wa ƴan bida da sakamakon. Ƙungiyoyinsu na Abijan da Legas sun saba tara kuɗi don gina masallaci ko gyara rijiya ko kai gawa gida. Idan aka ce musu a ƙauyenku tsofaffi bakwai ne ke kwance, mata bakwai ne ke ɗauke da su ba mai karɓar su, na tabbata za a samu masu cewa a ɗauki mace biyu a koya musu jinya a riƙa biyansu. Ɗan gwaggona da ya kashe dukiya a kan rufin kwano, da ya san katifa mai laushi da mai taya juyi uwarsa ta fi bukata, da su ya saya.

Ga masu cewa tona asiri ne

Saura babbar hujja, wadda na san tana zuciyar mai karatu tun farkon wannan rubutu: rufin asiri. Bahaushe ya fi son ya kwana da yunwa da a san bai ci ba, kuma shiga ɗakin tsohuwar wani da zaren awo kamar cewa ne ƴaƴanta sun kasa. Ba na raina wannan. Kunya ce ta riƙe mana mutunci a shekarun da babu abin da ya rage mana sai shi. Amma a tambaya, asirin wa ake rufewa? Gwaggo ta rufe na surukarta, shi ya sa ta ƙi shan ruwa. Surukar ta rufe nata, shi ya sa ta ɓoye gyambon. Ƴan makoki sun rufe na ƴaƴan. Kowa ya fita da mutuncinsa, ita kuwa ta tafi da ramin da ya kai tafin hannu a bayanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma in an yi dubawar ga kowane gida, na mai kuɗi da na talaka, na maigari da na baƙo, babu wanda zai ce shi aka nufa.

Wani kuma zai ce: in an ƙirga, sai me, tunda babu kuɗin magani? Amsa ita ce mafi yawan abin da jerin nan ke kamawa ba kuɗi yake ci ba, sani yake ci da hannu. Juya majinyaci, kusanto da randa, dama kunu mai kauri ga wanda ba ya iya tauna tuwo, cire dutsen da ke bakin ƙofa. Abin da ya fi ƙarfin ƙauye kuma, kamar aikin yanar ido ko maganin hawan jini, wanda ya je gaban hukuma da adadi a hannu ya fi wanda ya je da koke kawai.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyoyinmu abu ɗaya. Ranar 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1990, mun saba yin jawabi, a raba sabulu da turmin atamfa, a ɗauki hoto. A bana a rage jawabin. Kowace ƙungiya ta zaɓi ƙauye ɗaya, kowane darakta ya buɗe littafi ɗaya, a shiga ɗakuna a yi tambayoyin nan biyar. Idan lissafi ya nuna cewa riƙonmu ya kai yadda muke faɗa, zan dawo wannan shafi in ba da haƙuri, kuma zan fi kowa murna. Kafin nan, duk wanda ya tashi a taro zai yi mana kirarin cewa ba mu san gidan gajiyayyu ba, a tambaye shi cikin ladabi yaushe rabon da ya ɗage zanen tsohuwarsa ya duba bayanta.